Samuel Okwaraji: Lauyan da ya faɗi ya mutu yana taka wa Najeriya leda

Samuel Sochukwuma Okwaraji bai cika shekara biyu yana sanye da rigar tawagar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ba, amma har yau da wuya a yi hirar tsofaffin 'yan wasan ƙasar ba a ambaci sunansa ba.

Ɗan wasan tsakiya ne mai digiri na biyu a fannin shari'a, wanda ya taka leda a ƙasashen Turai biyar. Ya yanke jiki ya faɗi a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas ranar Asabar 12 ga Agustan 1989, ana tsakiyar wasa da Angola. Yana da shekara 25 a duniya.

Mutuwarsa ce ta fara sa jama'a da yawa a wannan yanki tambayar irin kulawar da lafiyar ɗan ƙwallo ke samu kafin ya shiga fili, da kuma wanda ke tsaye a gefen fili idan ta ɓaci. Tambayar tana nan har yanzu, daga manyan filayen Legas da Kano zuwa na Maraɗi da Damagaram.

Haihuwa da tasowa

An haifi Okwaraji ranar 19 ga Mayun 1964. Ɗan asalin Umudioka ne a yankin Orlu, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Lardin Gabas, yanzu kuma yake cikin Jihar Imo.

Yana da shekara uku yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967. Yankin Orlu na daga cikin wuraren da yaƙin ya fi daɗewa a cikinsu, domin filin jirgin Uli da ake sauke kayan agaji yana kusa da nan, kuma sai a watan Janairun 1970 aka ajiye makamai. Yaran yankin da suka yi zamani da shi sun fara makaranta ne a ƙasar da ke farfaɗowa daga yunwa da rushewar gine-gine.

Hanyarsa ta zuwa Turai ta sha bamban da ta sauran 'yan wasan zamaninsa. Yawancinsu sai da suka yi suna a ƙungiyoyin gida irin su Rangers ta Enugu da Shooting Stars ta Ibadan da New Nigeria Bank ta Benin kafin a neme su a waje. Shi kuwa karatu ne ya kai shi Italiya. A birnin Rome ya karanci shari'a har ya samu digiri na biyu a dokokin ƙasa da ƙasa, yana kuma buga ƙwallo a tsakanin darussa.

Wannan ne ya sa lokacin da ya dawo gida domin buga wa ƙasarsa wasa, 'yan kallo da yawa ba su taɓa ganin ƙafarsa a kan ƙwallo ba.

Yawon neman gurbi a Turai

A tsakiyar shekarun 1980 ya fara da matasan ƙungiyar AS Roma. Daga nan ya wuce Dinamo Zagreb, a ƙasar da a lokacin ake kira Yugoslabiya, sannan ya koma Austria Klagenfurt a ƙasar Ostiriya.

A 1987 ƙungiyar VfB Stuttgart ta Jamus ta Yamma ta ɗauke shi, ta kuma ba da aronsa ga SSV Ulm 1846 da ke buga gasar rukuni na biyu. A Ulm ne ya samu damar buga wasanni a kai a kai, kuma daga can ne labarinsa ya iso kunnen mahukuntan ƙwallon Najeriya. Ƙungiyarsa ta ƙarshe ita ce Berchem Sport da ke birnin Antwerp a Beljiyam, wadda ya koma a 1989.

Beljiyam a wannan lokaci ta zama masaukin 'yan wasan Najeriya. Stephen Keshi ya isa Lokeren a 1986, ya wuce Anderlecht bayan shekara guda, wasu da dama kuma suka bi sawunsa.

Yawan sauya sheƙa irin wannan yana nufin ɗan wasa ya ratsa hannun likitoci daban-daban, a ƙasashe masu dokoki daban-daban. A wancan zamani babu wani tsarin bai-ɗaya na duniya da ya fayyace gwajin zuciyar da za a yi wa ɗan ƙwallo, kowace ƙasa da kowace ƙungiya da nata.

Shigarsa tawagar ƙasa

A farkon 1988 ya fara buga wa Najeriya wasa, a karawar neman gurbin gasar Olamfik da Aljeriya a birnin Enugu. Najeriya ta yi nasara, ta kuma samu tikitin zuwa Seoul. Mai horarwa ɗan ƙasar Jamus, Manfred Höner, bai yi wata-wata ba ya sa shi cikin waɗanda za su je gasar cin kofin nahiyar Afirka a Maroko a watan Maris na shekarar.

Ba a rasa gane shi a fili. Yana da dogon gashi a murɗe, abin da ba a saba gani a kan 'yan wasan Najeriya ba a lokacin, ga juriyar gudu daga farkon wasa har ƙarshe, ga kuma ƙarfin harbi daga nesa.

Tawagar ta Maroko ta ƙunshi mai tsaron raga Peter Rufai, da Stephen Keshi, da Augustine Eguavoen, da Henry Nwosu, da Rashidi Yekini haifaffen Kaduna. Najeriya ta lallasa Kenya da ci 3-0 a wasan farko. A wasa na biyu da Kamaru, minti biyu kacal da take leda Okwaraji ya zura ƙwallo a raga, ɗaya daga cikin mafiya sauri a tarihin gasar. Roger Milla ya farke, aka tashi kunnen doki 1-1.

Bayan canjaras da Masar babu ci, Najeriya ta haɗu da Aljeriya a wasan kusa da na ƙarshe. An tashi 1-1, sai bugun fenareti ya raba gardama da ci 9-8.

Wasan ƙarshe ranar 27 ga Maris a Kasablanka ya sake haɗa Najeriya da Kamaru. Alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka, hukuncin da har yau masoya ƙwallon Najeriya ke ƙorafi a kai. Emmanuel Kundé ya ci wa Kamaru da bugun fenareti bayan hutun rabin lokaci, kofi ya tafi Yawunde.

A watan Satumba aka tafi Seoul, inda abubuwa ba su yi daɗi ba. Brazil ta ci Najeriya 4-0, Yugoslabiya ta ci 3-1, Ostireliya kuma 1-0, tawagar ta dawo gida ba ko maki ɗaya.

Abin da ya ƙara masa farin jini bai tsaya a cikin fili ba. A lokacin da rikicin alawus tsakanin 'yan wasa da hukuma ya zama ruwan dare, abokan wasansa da 'yan jaridar zamanin sun sha ba da labarin yadda yakan sayi tikitin jirgi da kuɗinsa ya amsa kiran ƙasa, ba tare da jiran a aiko masa ba. Haka kuma ana yawan ba da labarin yadda ya ja daga da ƙungiyarsa ta Turai sa'ad da ta nemi a biya ta kafin ta sake shi, inda ya yi amfani da saninsa na doka ya kare 'yancinsa na buga wa ƙasarsa wasa.

Hanyar Italiya 1990

Najeriya ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba a lokacin, kuma gasar 1990 a Italiya za a yi ta, ƙasar da Okwaraji ya yi karatu ya kuma san harshenta. Ƙuri'a ta haɗa Najeriya rukuni ɗaya da Kamaru da Angola da Gabon, kuma ƙasa ɗaya ce kawai za ta wuce zagaye na gaba.

An faro da ƙafar dama. Najeriya ta ci Gabon 1-0, ta yi 2-2 da Angola a Luanda, ta kuma doke Kamaru 2-0 a Ibadan a watan Yunin 1989. Sai dai shan kashi da ci 2-1 a hannun Gabon a Librebil ya dagula lissafi. Wasan Angola a Legas ya zama wanda dole a ci.

Ranar 12 ga Agusta

Filin wasan Surulere, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 1973, kuma inda Najeriya ta ɗaga kofin nahiyar a 1980, ya cika ya batse tun sa'o'i kafin a fara. An shigar da mutane fiye da yadda filin zai ɗauka. Zafi da cunkoso sun sa 'yan kallo sun riƙa sumewa a kan benaye, wasu daga cikinsu kuma ba su farfaɗo ba.

Keshi ya ci wa Najeriya ƙwallo kafin a tafi hutu. Wasa ya ci gaba da zafi, Angola na neman farkewa.

A minti na 77, ba tare da wani ya taɓa shi ba, Okwaraji ya sulale ƙasa. Samson Siasia na cikin waɗanda suka fi kusa da shi, kuma ya sha bayyana yadda ya tarar da shi yana fizgar numfashi da ƙyar. Aka fitar da shi daga fili, aka ci gaba da wasa, aka tashi 1-0.

Jama'a da dama sun bar filin suna murna, suna zaton gajiya ce ko suma irin ta zafi. Daga baya labari ya bazu cewa rai ya yi halinsa.

Binciken da likitoci suka yi wa gawarsa ya nuna zuciyarsa ta kumbura fiye da ƙima, kuma yana da hawan jini. An binne shi a mahaifarsa Umudioka.

Mako biyu bayan haka, ranar 27 ga Agusta, Najeriya ta je Yawunde tana neman canjaras kawai. François Omam-Biyik ya ci wa Kamaru ƙwallo ɗaya tilo, mafarkin Italiya ya ƙare. Kamaru ce ta je gasar, ta doke Ajantina mai riƙe da kofi a wasan buɗe fage, ta kai zagayen kwata-fainal. Najeriya sai a 1994 ta leƙa gasar a karon farko.

Ciwon da ba ya nuna kansa

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda matashi mai gudun minti 90 zai kasance da ciwon zuciya. Likitoci sun ce ba baƙon abu ba ne. Akwai cututtukan tsokar zuciya, wasu na gado, da mutum zai rayu da su shekara da shekaru ba tare da wata alama ba. Hawan jini ma kan sa bangon zuciya ya yi kauri a hankali. Idan aka matsa wa irin wannan zuciya da gudu, bugunta na iya rikicewa farat ɗaya, ta daina tura jini zuwa ƙwaƙwalwa.

Ana iya gano da yawa daga cikin waɗannan matsaloli tun kafin su yi illa, ta hanyar tambayar tarihin iyali, da awon jini, da gwajin bugun zuciya na ECG, da hoton zuciya. Italiya ta wajabta gwajin lafiya ga duk mai shiga gasar wasanni tun 1982. Wani bincike da aka wallafa a 2006 kan yankin Veneto ya nuna mutuwar fuju'a tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 89 cikin 100 bayan fara aiki da dokar.

Nwankwo Kanu shaida ne kan amfanin gwajin. Bayan ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, likitoci a Inter Milan suka gano matsala a ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa. An yi masa aiki a Cleveland da ke Amurka a ƙarshen shekarar, ya dawo fili, ya lashe kofuna da Arsenal da Portsmouth, ya kuma kafa gidauniyar taimaka wa yara masu ciwon zuciya.

Gwaji ba ya kama komai. Shi ya sa mataki na biyu, wato abin da ake yi a mintunan farko bayan faɗuwa, yake da nauyi. Ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan jini bai isa gare ta ba, kuma kowane minti da ya wuce ba a sa na'urar farfaɗo da zuciya ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ƙa'idar da likitocin wasanni ke koyarwa ita ce, duk ɗan wasan da ya faɗi ba tare da an yi karo da shi ba kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya. A fara danna ƙirjinsa nan take, sau 100 zuwa 120 a minti, a kuma kawo na'urar. Yi masa fifita, ko kwara masa ruwa, ko ƙoƙarin ɓare masa baki da sunan kada ya haɗiye harshe, duk ɓata lokaci ne.

A 1989 ba a saba ajiye irin wannan na'ura a gefen fili ba, har a ƙasashen Turai da yawa.

Waɗanda suka biyo bayansa

A watan Oktoban 1995 Amir Angwe na Julius Berger ya faɗi ya mutu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar Afirka da Maxaquene ta Mozambik.

Ranar 26 ga Yunin 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, a minti na 72 na wasa da Kolombiya. Likitoci sun shafe kimanin minti 45 suna ƙoƙarin ceto shi. Yana da shekara 28, kuma bincike ya nuna kaurin tsokar zuciya. Foé yana cikin tawagar Kamaru da ta ɗaga kofin Afirka a 2000 a filin Surulere, inda Okwaraji ya faɗi shekara 11 kafin nan.

Mutuwar Foé a idon duniya ce ta zaburar da FIFA. Kafin gasar kofin duniya ta 2006 a Jamus ta ɓullo da gwajin lafiya na musamman ga 'yan wasa, a 2013 kuma ta raba wa dukkan hukumomin ƙasashe mambobinta jakar agajin gaggawa mai ɗauke da na'urar farfaɗo da zuciya.

An ga amfanin shiri. A watan Maris na 2012 zuciyar Fabrice Muamba na Bolton ta tsaya na minti 78 bayan ya faɗi a filin Tottenham, amma ya rayu. Ranar 12 ga Yunin 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kopenhagen, aka farfaɗo da shi a cikin fili, ya kuma dawo buga ƙwallo a shekarar da ta biyo.

An kuma ga illar rashinsa. Endurance Idahor ya mutu a watan Maris na 2010 yana buga wa Al-Merreikh ta Sudan wasa. A watan Disamban shekarar Emmanuel Ogoli na Ocean Boys ya faɗi a Yenagoa a wasa da Niger Tornadoes. A watan Mayun 2016 Patrick Ekeng na Kamaru ya mutu a Bukarest, inda masu bincike suka tarar da magungunan da wa'adinsu ya ƙare a motocin kamfanin da ke ba da agaji a filin.

Wanda ya fi kusa da masu karatu a Arewa shi ne na Lafiya. Ranar 8 ga Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a wasan gasar Firimiyar Najeriya da Katsina United. Motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi, sai a wata mota aka garzaya da shi Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, inda aka tabbatar da mutuwarsa. Kwamitin da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta kafa ya gano cewa ƙungiyar ba ta da likita, ba ta kuma da ƙwararren mai gashin ƙashi. Hukumar ta ba da umarnin kada a sake busa usur a fara wasa sai an tabbatar da kayan aiki da ma'aikatan lafiya sun cika, an kuma gwada motar an ga tana tashi.

Shekara 30 da 'yan watanni ke tsakanin Surulere da Lafiya.

Dokokin ba da lasisi ga ƙungiyoyi na Hukumar Ƙwallon Afirka, CAF, sun tanadi likita da mai gashin ƙashi da gwajin lafiya na shekara-shekara. Nauyin aiwatar da su yana kan hukumomin ƙasashe, NFF a Najeriya da FENIFOOT a Nijar, da kuma masu ƙungiyoyin, waɗanda a Arewacin Najeriya galibi gwamnatocin jihohi ne. Lamarin ya shafi Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors kamar yadda ya shafi Espoir ta Damagaram da Dan Kassawa ta Maraɗi, musamman ganin cewa a watannin Afrilu da Mayu zafi a waɗannan garuruwa kan haura digiri 40, kuma da la'asar ake buga yawancin wasanni.

Ya fi shafar ƙananan gasanni ma, na unguwanni da na ƙananan hukumomi, inda dubban matasa ke bugawa a filayen da asibiti ke da nisa da su. A irin waɗannan wurare, koci ko alƙalin wasa da ya iya danna ƙirji shi ne likitan farko.

Yadda ake tunawa da shi

An sa wa filin wasan garin Orlu sunan Okwaraji. A 2009, shekara 20 da mutuwarsa, Gwamnan Legas na lokacin Babatunde Fashola ya buɗe mutum-mutuminsa a wani lambu da ke gaban filin wasan Surulere. Ranar 19 ga Mayun 2019, ranar da zai cika shekara 55 da yana raye, kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko a Najeriya.

Ƙwallo ɗaya ya ci wa Najeriya, wadda ya zura wa Kamaru a Rabat. Abokan wasansa irin su Keshi da Yekini da Rufai da Siasia da Eguavoen sun ci gaba har suka ɗaga kofin Afirka a Tunisiya a 1994, suka kuma kai ƙasar gasar kofin duniya a Amurka a shekarar. A lokacin da shi ma yana da shekara 30.

Duk ranar 12 ga Agusta jaridu da gidajen rediyon Najeriya kan sake ba da labarinsa, tsofaffin 'yan wasa kuma kan yi amfani da ranar wajen sabunta kira ga hukumomi da masu ƙungiyoyi kan gwajin zuciya, da inshorar 'yan wasa, da ajiye likita da na'urar farfaɗo da zuciya a kowane filin da ake buga gasa.